Yayana Fada Istifanus da Kujerar Ciyaman

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana, Fada Istifanus, a wata maƙabarta da ke kudancin Landan. Ni Musulmi ne, shi kuma limamin cocin Katolika, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Wanda ya san ƙauyukan kudancin Katsina ba zai yi mamakin wannan ba. Mahaifinmu Bamaguje ne, har ya koma ga Mahaliccinsa bai shiga masallaci ba, bai kuma shiga coci ba. Makarantar mishan ta ɗauki Yaya tun yana ƙarami, ni kuwa wani kawunmu na cikin gari ya ɗauke ni, a hannunsa na tashi, a hannunsa na fara salla. A gida sunan Yaya Nomau, ni kuma Tanko. Duniya ta san ni da Abdullahi, amma shi har ranar da ya daina magana Tanko yake kirana.

Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai in fara in ajiye. Mutanen garinmu sun rabu biyu a kan Yaya, kuma ni kaina ban gama sanin ɓangaren da nake ba. Wasu na cewa bawan Allah ne. Wasu na cewa ya juya mana baya a ranar da muka fi bukatarsa. Na ji maganganun nan biyu daga bakin mutanen da suka ci tuwo da shi a akushi ɗaya. Abin da zan iya shi ne in faɗi abin da idona ya gani.

Garinmu yana da fadama, ita ce rayuwar gari. Da damina shinkafa, da rani albasa da tumatir da rake. Kowane gida yana da yankinsa tun kaka da kakanni, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gida. Wata shekara aka wayi gari ma'aikatan safiyo suna kafa duwatsu a cikinta. Ashe ciyaman na ƙaramar hukumarmu ya bai wa wani attajiri wurin, wai zai yi gonar zamani. A lokacin Yaya ne Fadan yankinmu, yana zagaya ƙauyuka a kan wani tsohon babur. Shi ya rubuta koke, shi ya ja tawaga zuwa sakatariya, shi ya samo lauyan da ya yarda ya tsaya mana. Ba a janye maganar ba, amma an dakatar da ita, domin zaɓe ya matso, kuma babu mai son rigima da gari guda ana gab da jefa ƙuri'a.

Ni a lokacin na riga na zauna a Landan, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti kusa da Whitechapel. Na je gida hutu, sai ga abin ya faru a gabana. Da hantsi dattawan gari suka zo gidan Fada, suka zauna a gindin durumin da ke bakin coci. Malam Shu'aibu, limamin masallacin Juma'armu, shi ya yi magana da yawunsu. Ya ce sun yi shawara, sun ga idan wannan ciyaman ya dawo, fadama ta tafi. Sun duba gabas da yamma ba su ga wanda Musulmi da Kirista za su bi ba tare da gardama ba sai Fada. Ya ce, "Ka fito takara. Ni da kaina zan faɗa wa mutane a masallaci su zaɓe ka."

Na san fuskar yayana. Ya sunkuyar da kai, amma na ga yana so. Mutum ne da ya gaji da roƙo a ƙofar ofisoshi, kuma ya san abin da zai yi da kujerar nan tun daga ranar farko. Ya gode musu, ya ce shi ɗa ne a gidan wani, sai ya je ya ji ta bakin Bishop.

Ni na tuƙa shi zuwa birni. Na zauna a mota ina jira har rana ta karkata. Da ya fito ya shiga mota ya rufe ƙofa, muka kama hanya. Sai da muka bar gari ya ce, "Ya ce dokar Ikilisiya ta hana Fada riƙe muƙamin gwamnati. Ya ce in yi wa'azi, in tsawata wa mai mulki, in raka talaka ko'ina, amma ba zan hau kujera da wannan rigar ba. In kuwa na nace, sai in tuɓe ta."

Na ce, "To, Yaya, ka tuɓe mana. Riga ce fa."

Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce, "Tanko, ranar da aka naɗa ni na durƙusa na sa hannuwana cikin na Bishop, na yi alkawarin biyayya gare shi da duk wanda zai gaje shi. Ban ce sai in abin ya yi mini daɗi ba."

Washegari ya tara dattawa ya faɗa musu. Ya ce a cikinsu akwai hedimasta, akwai tsohon malamin dabbobi, akwai waɗanda babu dokar da ta ɗaure su, su fitar da ɗaya, shi zai ci gaba da faɗin gaskiya a inda yake. Malam Shu'aibu ya saurara har ƙarshe, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Fada, Allah ya ba ka lada. Amma ka bar mu." Hedimastan ya fito takara, mutumin kirki ne, sai dai ƙauyukan nesa ba su san shi ba. Da aka faɗi sakamako, tsohon ciyaman ya dawo.

Yaya bai yi shiru ba. Duk Lahadi sai ya taɓo maganar fadama a wa'azinsa. 'Yan sanda suka fara gayyatarsa, aka fara aiko masa da saƙonni ta bakin mutane, wata rana aka tsare shi a hanya aka farfasa masa babur. Ba a jima ba Bishop ya kira shi ya ce zai tura shi Ingila ƙarin karatu, ya kuma taimaka a wani coci da ke ƙarancin ma'aikata. A gari aka ce manyan gwamnati ne suka yi wa Bishop magana. Wasu suka ce a'a, ransa ya ji wa tsoro. Har yau ban san gaskiyar ba. Na dai san ni na je filin jirgi na ɗauko shi, da jaka ɗaya da rigar sanyin da ba ta kai ta nan ba.

Cocin da aka ba shi yana nan kusa da Deptford, tafiyar ƙafa ce daga gidana. Jama'arsa tsofaffin 'yan Ireland ne, da Inyamurai, da mutanen Ghana, da 'yan Filifin masu aikin jinya. Babu mai jin Hausa ko ɗaya. Mutumin da idan ya buɗe baki a garinmu har masu wucewa kan hanya sukan tsaya su saurara, ya koma yana karanta wa'azinsa daga takarda, a hankali, don wata tsohuwa ta kai ƙara cewa ba ta gane Turancinsa. Na taɓa leƙawa na zauna a kujerar baya don in gan shi. Ban sake komawa ba, don ban iya jure kallon ba.

Ranar Juma'a ce tamu. Idan na sauko daga masallaci a Whitechapel na ƙarasa aiki, nakan tarar da shi a gidana. Matata Hajara takan biya Old Kent Road ta sayo kuka da daddawa, ta tuƙa masa tuwo. Yakan cire farin abin wuyansa ya sa a aljihu, ya zauna a ƙasa, ya wanke hannu. 'Ya'yana suna kiransa Baba Fada. Ya yi musu Hausa su ba shi amsa da Turanci, ya yi dariya ya ce ko a nan ma an ci shi da yaƙi. Bayan cin abinci, idan rana ba ta faɗi ba, mukan taka zuwa bakin kogi, mu jingina da ƙarfen da ke gefen ruwa. A nan muka yi yawancin gardamarmu.

Karatun da aka turo shi ya yi na tarihin Ikilisiya ne, kuma shi da kansa ya ba ni makamin da na riƙa yaƙarsa da shi. Ya ba ni labarin zamanin da malaman cocinsu suke koyar da cewa takubba biyu ne a duniya, na ruhu da na mulki. Na ruhu yana hannun Ikilisiya, na mulki yana hannun sarakuna, amma na farko yana bisa na biyu, kamar yadda rai yake bisa jiki. Ya ce akwai lokacin da Paparoma yake naɗa sarki, yana kuma iya cewa talakawa sun fita daga wajibin yi masa biyayya. Na ce masa, "Wato cocin da ya taɓa tuɓe sarakuna shi ne ya hana ka kujerar ciyaman? Da can da ƙarfi yake hannunsu sun riƙe. Yau da talakan garinmu yake bukata, sai aka tuna da tsoron Allah."

Bai musa ba. Ya ce Ikilisiya ba ta janye maganarta cewa mai mulki ma akwai wanda ya fi shi ba, kuma tana da ikon ta ce masa wannan zalunci ne, ko ya so ko ya ƙi. Ya nuna mini ƙetaren ruwa, ya ce a cikin garin nan an taɓa kashe limamai irinsa saboda sun ƙi yarda cewa sarki ne shugaban addini. Amma, in ji shi, ita ma Ikilisiya duk lokacin da ta riƙe takobin mulki da hannunta, jini ya zuba, kuma wani jinin na marasa laifi ne. Ya ce ba da arha aka koyi wannan darasi ba.

Na ce duk wannan labarin Turawa ne, me ya haɗa shi da fadamarmu? Sai ya gaya mini abin da ban taɓa tunani ba. Ya ce a addininsu mutum yakan zo ya durƙusa ya furta wa Fada zunubinsa, kuma Fada ba ya da ikon faɗa wa kowa, ko za a yanka shi. Ya ce, "Direban ciyaman ɗan cocina ne. Akawun da ya buga takardar fadama ɗan cocina ne. Har cikin waɗanda suka fasa mini babur akwai wanda ni na yi masa baftisma. Ka gaya mini, Tanko, wa zai zo ya buɗe cikinsa ga mutumin da gobe zai iya aiko masa da 'yan sanda? Kuma ni, ranar da na zauna a kujerar nan da duk abin da kunnena ya ji, wa zai tsare mutane daga gare ni?"

Amma ban sallama ba, domin yayin da muke wannan magana a bakin kogin Turawa, a gida an riga an zagaye fadama da waya. Samarin gari suka watse, wasu Legas, wasu wuraren haƙar zinariya. Gonar zamanin ma ba ta yi ƙarko ba, aka bar wurin ya zama daji. Bayan wasu shekaru 'yan bindiga suka fara shigowa yankin, gari ya zama ba ya kwanuwa, mutane suka kwashe suka koma birni. Ba na cewa da Yaya ya zama ciyaman da duk wannan bai faru ba. Garuruwan da ba su rasa fadama ba su ma an tashe su. Amma mutum idan ya rasa gida, sai ya nemi ranar da abin ya fara lalacewa, kuma mutanenmu da yawa sun tsayar da ranar da Fada ya dawo daga wurin Bishop.

Innarmu tana cikin waɗanda suka koma birni. A wani ɗakin haya ta rasu, bayan tasha, matar da duk rayuwarta ba ta taɓa kwana inda ba ta jin kukan zakarunta ba. Ta bi Yaya coci a ƙarshen rayuwarta, don haka shi ya yi mata sujadar jana'iza. Tare muka je. Na ga yadda mutanenmu suka kewaye shi bayan an rufe ta, tsofaffi suna riƙe hannunsa, wasu kuma suka tsaya daga nesa suka ƙi matsowa. Ya je ya roƙi Bishop ya bar shi ya zauna, ko ba a ba shi coci ba, ko a cikin 'yan gudun hijira ne. Aka ce masa lokaci bai yi ba, ya koma bakin aikinsa. Ya komo.

A cikin jirgi na faɗa masa maganganu masu zafi. Na ce biyayyar da take raba mutum da mutanensa a irin wannan hali ban san sunanta ba. Ya bar ni na gama. Daga nan ya ce, "Kana tsammani ba na tunanin abin? Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Ina ganin Bishop ya yi kuskure da ya ɗauke ni daga gida, kuma na faɗa masa haka a gabansa. Amma bai yi kuskure da ya hana ni kujera ba. Abu biyu ne, kai kake haɗa su." Ya juya wajen taga. Na ga kafaɗarsa tana rawa, na ƙyale shi.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman banza ya yi a nan. Ranar Talata yakan hau jirgin ƙasa zuwa inda ake tsare baƙin da za a mayar ƙasashensu, ya zauna da su, kowane addini. Ya san ofisoshin council, wato ƙaramar hukumar yankinmu, fiye da ni da na riga shi zuwa. Akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da aka so a fitar daga gidanta da jikokinta, ya yi ta zarya da ita har aka bar ta. Takan ce mini da irin Hausarsu, "Wannan ɗan'uwanka, shi mutum ne." Amma ni na san duk wannan bai cike masa gurbin ba. Kullum wayarsa tana hannunsa yana bin labarin gida, kuma duk wanda aka kashe ko aka sace, ya san sunan uwarsa da na kakarsa.

Ciwon ya fara da rama da yawan gajiya. Ni da nake aikin gwajin jini, da na ga sakamakonsa na san inda aka dosa tun kafin likita ya yi bayani. Hanta ce, kuma an makara. Ya nemi a mayar da shi gida, likitoci suka ce jikinsa ba zai ɗauki tafiyar ba.

Yana kwance a asibiti sai aka ce mana tsohon Bishop ɗin yana Landan. Ya riga ya yi ritaya, ya zo ganin likitan ido. Wata rana da la'asar ina zaune gefen gado, sai ga shi an riƙo hannunsa, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Shekaru ina tsara abin da zan faɗa wa mutumin nan in na gan shi. Da ya shigo sai na tarar na miƙe na ba shi kujera. Yaya ya yi ƙoƙarin tashi zaune, yana cewa, "Ranka ya daɗe," tsohon ya dafa shi ya ce ya kwanta. Suka gaisa da Hausa, ya tambayi jiki. Can sai ya ce, "Istifanus, ba dubiya kaɗai ta kawo ni ba. Ina so ka saurari furcin zunubina." Ya jingina sandarsa da bango, ya kama ƙarfen gado, ya fara sauka a kan gwiwoyinsa.

Yaya ya dube ni ya ce, "Tanko, ba mu wuri."

Na fita na ja labule na tsaya a baranda. Sun daɗe. Da tsohon ya fito idanunsa sun yi ja, ya kama hannuna da hannu biyu, aka tafi da shi. Na koma ciki na tarar da Yaya yana kallon silin. Na ce, "Ya roƙi gafararka ne? Ya faɗa maka wanda ya sa aka ɗauke ka?" Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kai ma ka san ba zan faɗa ba." Bai ƙara mako biyu ba ya cika, da safe, ina riƙe da hannunsa, wani Fada ɗan Ghana yana karanta masa addu'arsu. Abin da aka faɗa a bayan labulen nan ya tafi da shi.

An yi shawarar kai gawarsa gida, amma wane gida? Cocin da ya yi wa hidima a garinmu babu rufi, hanyar garin ma ba ta biyuwa. A nan aka rufe shi, cikin layin limaman da suka zo daga ƙasashe daban-daban suka mutu a bakin aiki. Nakan je in share ganyen da ya zuba, in tsaya. Addininmu ya bambanta, kuma ni ba malami ba ne, na bar wa Allah abin da yake nasa. Nakan dai ba shi labarin gida, da Hausa, don na san a duk layin nan babu mai yi masa ita.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu da an doshi zaɓe, wayata takan cika da bidiyon malamai da fastoci, kowa ya ɗaga hannun ɗan takararsa, kowa yana rantsuwa cewa nasa ne zaɓin Allah. Na ga waɗanda muke girmamawa sun shiga, an ba su muƙami, bayan shekara biyu ba sa iya haɗa ido da mutanen unguwarsu. Idan na ga haka sai in ce Yaya ya hango abin da ban hango ba. Amma kuma sai a aiko mini da hoton matan garinmu suna layin karɓar tsaba a harabar wata makarantar firamare, in gane fuskar wadda muka yi wasa tare, sai tsohon fushin ya taso mini sabo. Mutanen kirki suna tsare hannunsu, kujera kuwa ba ta zama babu kowa. Na tabbata da yana nan zai ce mini kujerar ta ire-irena ce, mu da ba mu yi alkawari a gaban bagaden coci ba. Na kuma tabbata da zai faɗi haka yana share hawaye, don bai taɓa yin kamar abin bai ci masa rai ba.

Me ya rage na Yaya? Fadama ba ta dawo ba. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, littattafansa na ba ɗakin karatun cocinsu. Malam Shu'aibu ya rasu a gudun hijira ba tare da sun sake haɗuwa ba. Idan da nasara ake auna mutum, yayana bai ci ba, kuma shi ne zai fara faɗin haka. Abin da na sani shi ne, na zauna kusa da mutumin da aka miƙa wa mulki a tafin hannu, yana so, yana da hujjar karɓa, ya mayar saboda ya riga ya ba da kalmarsa a wani wuri. Ya biya da garinsu, da harshensa, da ƙaunar rabin mutanensa, bai kuma taɓa ɗora wa wani laifin zaɓin da ya yi ba. A cikin masu hawa mumbari da masu hawa kujera da na sani, ban ga da yawa irinsa ba.

Watan jiya ina kan bas a Old Kent Road wani ya kira ni daga gida. Ɗan garinmu ne, yanzu yana cikin masu yi wa wani ɗan takarar ciyaman kamfe. Bayan gaisuwa ya ce suna buga fosta, suna so su sa hoton Fada a gefen na ɗan takararsu, a rubuta cewa shi ne zai ƙarasa aikin da Fada ya fara. Ya ce har yanzu sunan Fada yana da nauyi a wurin Musulmi da Kirista, kuma ni kaɗai na rage da zan ba da izini. Ya ce ɗan takarar nasu mutumin kirki ne, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

Na yi shekaru ina gaya wa Yaya cewa ya kamata hotonsa ya hau fosta. Ga shi an kawo mini har cikin kunne, babu Bishop a tsakani. Na ce wa mutumin a'a. Ya yi mamaki, ya ce, "Haba Alhaji, kai da kowa ya san ra'ayinka a kan maganar nan? Don me?"

Na ce, "Ra'ayina yana nan, ban canza ba. Amma shi ya ce a'a da bakinsa yana raye. Ba ni zan amsa masa da e ba yana kwance."